Harafi Huɗu a Kan Katako

Kakana Velaphi mai fenti ne.
Shekara talatin yana rubuta alluna a Durban,
bai taɓa zama aji ba, amma hannunsa ya san layi,
ya san inda ja ke tsayawa, fari ya ɗora.

Akwai kalmar da ya rubuta fiye da sunansa:
only.
Harafi huɗu, 'yar mitsitsiya, tsakuwa cikin shinkafa.
Ya zana ta a benci, a ƙofar banɗaki, a bakin teku,
kullum tana bin bayan launin wata fata
kamar kare a gindin mai shi.
In ya gama sai ya wanke buroshi, ya ja da baya,
don bencin da ya shafa ba nasa ba ne,
ko fentin ya bushe.

Yau ni ce malamar Turanci a Umlazi.
Ran Talata na tsaya da alli gaban yara arba'in da uku,
na ce: ma'anarta, wannan, ban da saura.
Ku lura, ba ta da gida a jimla, 'yar haya ce,
inda ta sauke kaya nan take kafa shinge.
Ajiye ta gaban mai magana:
ni kaɗai na ga Zanele, ba wanda ya gan ta.
Matsa da ita jikin aikatau:
ganinta kawai na yi, ban ce mata uffan ba.
Kai ta jikin sunan:
ita kaɗai na gani, kasuwa ta ɓace da mutanenta.

Aji ya kwashe da dariya, Zanele ta rufe fuska da littafi.
Sai Mxolisi, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu:
"Malama, ta ƙiyayya ce ko ta so?
Na ji babana na faɗa wa mamata ita."
Ƙararrawa ta cece ni.

Da yamma na iske tsohon a gindin gwaiba,
yana ta rufe masa ido, rediyo a cinya.
Na kawo masa tambayar yadda aka ba ni.

Ya daɗe yana taunar iska. Ya ce:
"Shekara bakwai ina zana ta ban san me take cewa ba.
Harafin farko ne mai wuya, zagaye kamar bakin rijiya,
in hannu ya yi rawa kowa zai gani.
Na ƙarshen nake so, mai wutsiya.
Ran da wani ɗan dako ya fassara mini,
ban ci abinci ba.
Washegari na koma aiki. Bakuna shida ke jirana."

Ya rage muryar rediyo.
"Amma daga ranar, in na iso kanta,
sai in tsinka fentin da kananzir.
Sauran kalmomi shafi biyu, ita rabin shafi.
Gishirin teku ya san aikinsa,
kafin damina biyu ita ke fara koɗewa.
Bature ya yi ta zagin kamfanin fenti."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na miƙa masa ruwa. Ya ce:
"Kin je kabarin kakarki kwanan nan?
Duba ƙasan sunan Nomathemba da kyau.
Tana can. Ni na rubuta.
Shafi uku na yi mata, ban tsinka ba."

Ran Laraba na shiga aji da amsa a baki.
Mxolisi bai zo ba, ruwa ya cinye hanyarsu.
Kalmar na nan a allo tun jiya,
wani ya goge rabinta da hannun riga,
ya bar mai wutsiyar.